Yadda Za Ka Gyara Akwatin Kifi Na Gilashi Da Hannunka Idan Ya Tsage

Ranar da nawa ya tsage, ƙafata ce ta fara sani. Na fito zan yi alwalar asuba, na ratsa falo cikin duhu, sai na ji darduma ta jiƙe sharkaf. Da na haska fitilar waya na tarar ruwan akwatin ya sauka da kamar yatsu huɗu, kifayen sun taru a kusurwa ɗaya, ga wani siririn layi kamar gashi ya taso daga gefen gindin gilashin ya ratsa ƙarƙashin tsakuwa. A ranar na yi abin da mafi yawan mutane ke yi, wato na shafe layin ta waje da silikon, gam ɗin nan mai kama da roba da ake haɗa gilashi da shi, na jira kwana ɗaya, na mayar da ruwa. Bai cika mako guda ba yoyon ya dawo, tsagar kuma ta ƙara tsawo. Daga nan na fahimci cewa ba a cike tsagar gilashi kamar yadda ake cike tsagar bango da siminti. Ko dai a ɗora mata wani lafiyayyen gilashi wanda zai ɗauke mata nauyin ruwa, ko kuma a cire fuskar da ta tsage baki ɗaya a sa sabuwa. Duk abin da ke ƙasa bayani ne na yadda ake yin waɗannan biyun.

Ceton kifi kafin komai

Abu na farko shi ne ka kashe wuta daga soket, ka zare fulogin fitila da na famfon iska da na matatar ruwa, kuma ka yi haka kafin ka taka wurin da ya jiƙe, domin ruwa a ƙasa da wayar lantarki a kusa ba abin wasa ba ne. Bayan haka ka samo baho ko babban bokiti wanda ba a taɓa zuba masa omo, sabulu, fetur ko maganin sauro ba, saboda ɗan abin da ya rage a jikin roba ya isa ya kashe kifi cikin sa'o'i kaɗan. Ka ɗebo ruwan akwatin da tiyo daga sama, inda yake garau, ka cika bahon da shi, sannan ka kwashe kifayen da raga a hankali ka zuba su a ciki. Ka tanadi tsohon ruwan nan gwargwadon yadda mazubanka za su ɗauka, domin shi ne jikin kifin ya saba da shi.

Akwai wani abin da mutane ke mantawa da shi, kuma shi ne yake kashe kifi bayan an gama gyara lafiya. A cikin soson matatar ruwa da tsakanin tsakuwa akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, waɗanda suke sarrafa amoniya da ke fitowa daga kashin kifi su mayar da ita abin da ba ya cutarwa sosai. Idan soson ya bushe, ko aka wanke shi da ruwan famfo mai kulorin, sun mutu ke nan, kuma sai an yi makonni kafin su dawo. Saboda haka ka tsoma soson da tsakuwar cikin tsohon ruwan, in da hali ma ka bar matatar tana aiki a cikin bahon. Ka rufe bahon da raga ko kwando, musamman in kana da tarwaɗa, wadda ta iya tsalle da dare. Ka ajiye shi a inuwa, ka rage abinci sosai, ka riƙa sauya kamar kashi ɗaya cikin biyar na ruwan duk bayan kwana biyu. Idan an ɗauke wuta na tsawon lokaci kuma ba ka da famfon iska mai batir, ka riƙa ɗibar ruwan da kofi kana kwararo shi daga sama, domin iska ta shiga. Kifayen za su zauna a nan mako guda ko fiye, don haka ka shirya musu wurin kamar masauki na gaske.

Kada ka ɗaga akwatin da sauran ruwa ko tsakuwa a ciki, ko da kaɗan ne. Gilashin da ya riga ya tsage yana iya rabewa a hannunka.

Wace irin ɓarna ce?

Bayan ka kwashe komai ka goge akwatin ya bushe, ka kai shi wuri mai haske ka duba shi da kyau, domin ba kowane yoyo ne tsaga ba. Sau da yawa gilashin lafiyarsa lau, silikon ɗin da ke haɗa kusurwoyi ne ya tsufa ya saki, kuma za ka gane haka in ka ga ya ɗago, ya yi fari-fari, ko gansakuka ta shiga ƙarƙashinsa. Wannan gyaransa ya fi sauƙi: a kankare silikon na ciki duka, a sa sabo. In kuwa tsaga ce ta gaske, ka bi ta da alƙalamin maka ta waje, ka sa alama a inda ta fara da inda ta ƙare, kana karkata gilashin a gaban haske, domin bakin tsaga yakan wuce inda ido ya fara gani.

Kafin ka yanke shawara yana da kyau ka san nauyin da kake fama da shi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Akwati mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 30 yana ɗaukar lita 54, kuma ruwan yana tura fuskarsa ta gaba da ƙarfin da ya kai kilo 27. Mai tsawon santimita 90, faɗi 45, tsayi 45 yana ɗaukar kusan lita 180, turin da ke kan fuskarsa ta gaba kuwa ya kai kilo 90. Zurfin ruwa ne yake kawo mafi yawan wannan bambanci, domin in zurfi ya ninka sau biyu, turin da ke kan bango yana ninkawa sau huɗu, kuma mafi yawansa a ƙasa yake taruwa. Wannan shi ya sa tsagar da ke kusa da baki ba ta kai haɗarin wadda ke kusa da gindi ba, shi ya sa kuma shafen silikon kaɗai ba ya riƙewa: yana iya tare ɗigon ruwa na 'yan kwanaki, amma ba ya hana gilashi lanƙwashewa, kuma duk lanƙwasa tana ƙara wa tsagar tsawo.

Ra'ayina a nan a fili yake. Idan tsagar a gindi take, ko kuma gajeriya ce a baya ko a gefe, kuma akwatin bai wuce lita 100 ba, faci ya wadatar. Idan a fuskar gaba take, ko ta ratsa bango daga wannan gefe zuwa wancan, ko ta yi rassa kamar saƙar gizo-gizo, sai sauya fuskar. Idan fuska biyu ne suka tsage, ko akwatin babba ne mai lita 200 zuwa sama, ban ba ka shawarar ka koyi aikin a kansa ba, musamman in akwai ƙananan yara a gidan, domin fashewar irin wannan akwati tana iya raunata mutum. Ka kai shi wurin wanda ya saba haɗa su, ko ka mayar da shi wurin renon tsirrai.

Kayan aiki, da zancen silikon

Kana buƙatar sababbin reza masu yawa, aƙalla goma, irin mai baki ɗaya ko ta wuƙar yankan kwali; asiton zalla, wato ruwan da ke goge maiƙo daga gilashi, ko sifirit na kemis; tsumma mai tsabta wanda ba ya barin zare; salatif na takarda irin na masu fenti; samfefa mai laushi; safar hannu mai kauri da tabarau na kariya; bindigar matsa silikon; sai gilashin da za a yanka maka. Kada ka yi amfani da ruwan goge jan farce a madadin asiton, domin galibi ana haɗa shi da mai da turare, kuma maiƙo shi ne babban abokin gaban wannan aiki.

Zaɓen silikon ya cancanci a tsaya a kansa. Wanda ake so shi ne silikon zalla, wanda in an buɗe shi yake warin tsami kamar ruwan khal, kuma mafi aminci shi ne wanda aka rubuta a jikinsa cewa na akwatin kifi ne, galibi har da hoton kifi. Wanda ake sayarwa don banɗaki da kicin ana zuba masa maganin hana fumfuna, kuma wannan magani yana narkewa a ruwa a hankali ya zame wa kifi guba. Mai shago zai iya ce maka duk ɗaya ne, ka karanta jikin kwalbar da kanka. Ka duba ranar lalacewarsa ma, domin silikon da ya daɗe a shago cikin zafi yakan ƙi bushewa, ya zauna kamar danƙo. Ni nakan matsa ɗan kaɗan a kan ɓallin gilashi in bar shi ya kwana. In da safe ya yi tauri kamar roba kuma ya ƙi ɓamɓaruwa, to mai kyau ne. Kwalba ɗaya mai kimanin mililita 300 ta ishi ƙaramin akwati. Sufa gulu da sauran gam masu bushewa ƙiƙam ba su dace ba, domin gilashi yana ɗan motsi in ruwa ya cika shi, kuma abin da ba ya miƙewa ɓallewa yake yi.

Game da gilashi, ka auna kaurin tsohon ka nemi daidai da shi ko wanda ya fi shi. Ƙananan akwatuna masu tsayin santimita 30 galibi milimita 5 ko 6 ne, masu tsayin 45 kuwa milimita 8 zuwa sama. Gilashin taga mai milimita 3 ko 4 bai isa ba. Masu aikin tagogin alminiyum za su yanka maka, sai dai ka gaya musu aikin da zai yi. Wanda ya yanka mini, wani dattijo, da na faɗa masa na akwatin kifi ne, ya ajiye wanda ya fara ɗaukowa ya ce, "Malam, ai da ka faɗa tun farko. Wannan ruwa zai riƙe, bari in ɗauko maka mai kauri in kashe masa baki." Kashe bakin nan, wato goge kaifin gefen gilashin, yana da muhimmanci, domin ƙananan ɓalle-ɓallen da ke gefen gilashi daga nan sabuwar tsaga take farawa. Akwai kuma gilashin da aka gasa don ya yi ƙarfi, irin na tagogin gefen mota. Shi ba ya yankuwa, in an taɓa shi da abin yanka rugurgujewa yake yi, don haka kada ka ɗauko wani tsohon gilashi a gida ka ce a rage maka shi ba tare da an tabbatar da irinsa ba.

Kankara da gogewa

Kashi uku cikin huɗu na aikin nan a nan yake. Sabon silikon ba ya kama tsohon silikon da ya bushe, ko da siririn saura ne wanda ido ba ya gani. Ka kwantar da reza a jikin gilashi ka yanke tsohon silikon na ciki a duk inda sabon zai taɓa, ka sauya reza da zarar ta dakushe, domin dakusasshiya shafa shi take yi maimakon ta ɗebe shi. In faci za ka yi ko sabunta silikon na ciki, ka kula kada ka cusa rezar tsakanin gilashi da gilashi, domin siririn silikon da ke wannan tsakani shi ne yake riƙe akwatin, na kusurwar ciki kuwa kariya ce a kansa. Bayan kankara ka goge da asiton, ka bari ya bushe, ka sake kankarewa, ka sake gogewa. Hanyar gwaji ita ce ka hura wa wurin numfashi: inda saura yake, tururin zai fito da tabo dabam. In ka gama gogewar ƙarshe kada yatsanka ya sake taɓa wurin. Ka yi aikin a inda iska ke shiga, nesa da wuta ko murhu saboda asiton yana kamawa nan take, amma ba a tsakar gida ba in lokacin hunturu ne, domin ƙura tana sauka a kan gilashi cikin 'yan mintuna.

Yin faci

Faci ta ciki ake sa shi, domin ruwa ya riƙa danna shi a jikin gilashin maimakon ya ture shi. Ya kamata ya zarce tsagar da aƙalla santimita 5 ta kowane ɓangare, kuma in tsagar ta kai kusurwa, facin ma ya kai har kusurwar. In a gindi ne, abin da ya fi shi ne a yanko sabon gindi cikakke, a rage masa milimita 2 ko 3 ta kowane gefe daga awon ciki, a shimfiɗa shi a kan tsohon. Tsakuwa za ta rufe shi, babu mai gani. Ka fara gwada shi a bushe ka ga ya zauna daram ba ya rawa.

Ka kwantar da akwatin yadda fuskar da ta tsage za ta zama ita ce a ƙasa, a kan shimfiɗaɗɗen wuri mai laushi. Ka bi tsagar da layin silikon mai kauri daga farko har ƙarshe, ka zagaye inda gefen facin zai sauka da wani layin wanda bai yanke ba, ka ƙara wasu layuka a tsakani, sannan ka sauke facin daga gefe ɗaya zuwa ɗayan kamar mai rufe littafi, kana dannawa da tafin hannu daga tsakiya zuwa waje har silikon ya bazu ya ɓullo ta gefe. Tun da gilashi ne, za ka ga kumfar iska in ta maƙale. Wadda ke tsakiya ba ta da illa sosai, amma wadda ta ratsa daga tsagar zuwa gefen facin hanyar ruwa ce, sai ka danna ta ta fita. Ka shafe gefen facin da yatsa ya yi sumul, ka ɗora masa bulo ɗaya ko biyu a kan tsumma, kada nauyin ya yi yawan da zai matse silikon ya fita duka. Daga nan sai ka ja sabon layi a kusurwoyin da ka kankare.

Sauya fuska gaba ɗaya

Wannan ya fi ɗaukar lokaci, amma shi ne gyara na dindindin. Ka manna salatif a kan tsagar ta ɓangarorin biyu domin kada gilashin ya tarwatse, ka cire firam ɗin roba ko sandar gilashin da ke ɗaure saman akwatin in akwai, sannan a wannan karon ka shigar da siririyar reza tsakanin gilashin da ya tsage da maƙwabtansa, kana ja a hankali sau da yawa har ta ratsa. Inda reza ta kasa shiga, zaren kamun kifi mai ƙarfi yana yanka silikon in kana jan sa gaba da baya. Kada ka ɓanɓare da sukundireba. Kafin ka cire, ka lura ko fuskar a kan gindi take zaune ko a gefensa, domin awon ya danganta da haka. Mafi sauƙi shi ne ka kai wa mai yanka tsohuwar fuskar ya auna da kansa.

Ka kankare gefunan da suka rage har su yi ƙal, kuma tun da sabon silikon ba zai haɗu da tsoho ba, ka cire na kusurwoyin ciki duka domin ka ja sabo a zama ɗaya. Ka manna salatif a ciki, kimanin santimita ɗaya daga kowace kusurwa, don layin ya fito a miƙe. Ka yanyanka wasu guntayen salatif ka rataye su kusa, ka kira wanda zai riƙe maka, domin silikon yana fara yin fata cikin minti biyar zuwa goma, kuma a zafin bazara ba ya jira. Ka ja layi wanda bai yanke ba a gefuna ukun da sabuwar fuska za ta zauna, ka ɗora ta, ka danna a hankali yadda kimanin milimita ɗaya na silikon zai rage a tsakani, kada gilashi ya taɓa gilashi. Ka ɗaure kusurwoyin da salatif ta waje, ka ja layin ciki a duk kusurwoyi takwas, ka bi kowanne da yatsa sau ɗaya ba tare da tsayawa ba, sannan ka zare salatif na ciki nan take tun silikon yana ɗanye. Sandar da ke ɗaure sama dole ta koma wurinta, domin ita ce take hana dogayen fuskoki buɗewa.

Jira da gwaji

Silikon da danshin iska yake bushewa, daga waje zuwa ciki, kimanin milimita 2 zuwa 3 a kwana guda. Ke nan a lokacin damina ya fi saurin kamawa, a busasshiyar iskar hunturu kuwa yana jinkiri, har yana da amfani ka ajiye kwanon ruwa kusa da akwatin. Fuskar da aka sauya ka ba ta kwana uku aƙalla, in ta samu bakwai ya fi. Faci kuwa, da yake silikon ɗinsa a kulle yake tsakanin gilashi biyu, kada ya gaza mako guda, babba ma ya kai biyu. Muddin kana jin warin tsami in ka sa hanci a ciki, bai gama ba.

Gwajin a waje ake yin sa, a kan daɓe mai daidaito, da busasshiyar jarida a ƙarƙashi wadda za ta tona ko ɗigo ɗaya ne. Ka zuba kashi ɗaya cikin uku ka jira awa biyu, ka kai kashi biyu ka sake jira, sannan ka cika shi ka sa alama a bakin ruwan, ka rufe saman domin kada zafi ya shanye ruwa ka zaci yoyo ne, ka bar shi kwana biyu. In wani wuri ya yi gumi, kada ka ɗora masa silikon a kai. Ka zubar da ruwan, ka kankare wannan layi, ka sake.

Kafin akwatin ya koma mazauninsa ka nemo abin da ya tsaga shi tun farko. Nawa, da na ɗaga shi, ƙwayar tsakuwa ce guda ɗaya wadda ba ta kai ƙwayar dawa ba, ta maƙale tsakanin teburi da gilashi, nauyin kilo sittin yana zaune a kanta. Ga wasu kuwa teburin ne ya lanƙwashe a tsakiya, ko ƙafa ɗaya ta fi sauran gajarta, ko gefen akwatin ya zarce teburin, ko an jawo shi da ruwa a ciki. Ka share saman teburin, ka gwada shi da ma'aunin daidaito na magina ta tsawo da ta faɗi, ka shimfiɗa farin soson nan da ke zuwa cikin kwalin firiji ko talabijin, mai kaurin santimita ɗaya, in akwatin ba shi da firam a gindi. Manyan duwatsun ado ka ɗora su a kan tsakuwa ko guntun roba, ba a kan gilashi kai tsaye ba.

Ka ɗauraye akwatin da ruwa zalla ba sabulu, ka mayar da tsakuwa da matata, ka zuba tsohon ruwan da ka tanada, ka cike da sabon ruwan da ya kwana a buɗe ko aka sa masa maganin kashe kulorin. Ka sa kifayen a leda da ruwan bahonsu, ka bar ledar tana yawo a saman akwatin kamar minti 20 domin sanyin ruwan biyu ya daidaita, kana ƙara mata ruwan akwatin kaɗan-kaɗan, sannan ka sake su. A makon farko ka ba su rabin abincin da suka saba, kuma kowace safiya ka bi gefen gindin akwatin da busasshen yatsa, in faci ka yi kuma, kana duba alamomin nan biyu da ka sa da alƙalami a bakin tsagar ko layin ya wuce su.